Kawo Injiniya Ya Duba Gida Ba Cin Fuska Ba Ne

Maganar da wani jigon dillalan gidaje ya yi a rediyo makon jiya har yanzu tana ci mini tuwo a ƙwarya. Wai wata baƙuwar ɗabi'a ce ta shigo gari: mutum ya ga gida, ya yaba, an daidaita farashi, sai ya ce a dakata masa ya kawo injiniya. A wurinsa wannan rashin yarda ne da ɗan'uwa Musulmi, kwaikwayon Turawa ne, kuma ɓata wa mutane lokaci ne, tunda iyaye da kakanni da ido suka sayi gidajensu, suka yi tawakkali, suka zauna lafiya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda masu bugo waya suka yi ta mara masa baya, alhali su ne ake yanka da wannan wuƙar.

Mu fara da kakannin da ya fake da su. Gidan da kakanmu ya saya a cikin birni ginin ƙasa ne, tubali da azara, a unguwar da aka yanke masa cibiya. Ya san maginin da ya ɗora shi, ya san shekarar da soron ya yi yoyo, ya san ko mai gidan yana yi masa yaɓe kafin damina ko sakaci yake yi. In zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga Sarkin Magina da yaransa, a kira ɗaya ya zo ya dafa bango ya faɗi gaskiya. Ashe su ma masani suke kawowa. Ginin ƙasa kuma ba ya ɓoye ciwonsa. Gidan da ake tallata mana yau a bayan gari kuwa, wani ne da ba ka taɓa gani ba ya tayar da shi cikin 'yan watanni don ya sayar, ba don ya kwana a ciki ba. Bulo yana bayan filasta, filasta tana bayan fenti, rodi yana cikin kankare, katakon rufi yana saman silin, ƙasa tana ƙarƙashin tayil. Da wane idon za ka gani?

Dillali ya san wannan sarai. Abin da ke damunsa la'ada ce. A ce kashi 5 cikin 100 zai karɓa a kan gidan naira miliyan 40, miliyan 2 ke nan, kuma ba ta shiga aljihunsa sai an biya. Duk kwanan da aka ƙara ana dubawa, kwana ne da cinikin zai iya wargajewa, ko farashi ya sauko. Shi ya sa kullum karatunsu ɗaya ne: "Alhaji, akwai mutum biyu a kansa, ɗaya ma yau da la'asar zai kawo kafin alƙalami." Ban taɓa raka wani ganin gida ba tare da jin labarin wannan mutumin na la'asar ba. Kuma ka lura da lokacin da suke kai mutane: tsakiyar rani, da rana tsaka, ƙasa ta bushe ƙayau, sabon fenti yana ɗaukar ido. Ranar da bango ya tsage, ka kira lambar dillalin ka ji. Zai ce shi haɗa ku kawai ya yi.

Mutumin da ba zai sayi tsohuwar mota ba sai ya taho da makanikensa, a buɗe inji, a leƙa ƙarƙashi, a zaga da ita gari, shi ne zai zube kuɗin da ya shekara 30 yana tarawa a kan gidan da ya leƙa na minti 20. Ban taɓa jin mai sayar da mota ya ce an ci fuskarsa don an zo da makanike ba.

A tambayi duk wani birkila mai tsoron Allah, zai ce buhun siminti ɗaya bai kamata ya wuce bulo 25 zuwa 30 na inci 9 ba. A je gidajen bulo a ƙirga abin da ake fitarwa. Tun da buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024, abin ya ƙara lalacewa: yashi ake yi wa turaren siminti a kira shi bulo, wanda in ka sa ƙusa ka kankara sai ya riƙa zuba kamar gari. Rodi mai milimita 16 da aka rubuta a zane ya koma 12 a cikin ginshiƙi, in ma akwai zanen. A tona harsashi iya gwiwa a ce ya isa. A tsallake ledar da ke hana danshi hawa bango, domin babu mai saye da zai taɓa tambayarta. Kuɗin da aka rage a waɗannan wurare sai a zuba shi a ƙofar gida mai walƙiya da fitilu masu launi a silin, domin su mai saye yake kallo, su kuma uwargida take ɗauka a waya.

Wanda ya san aiki ba falo yake fara shiga ba. Bayan gida yake zagawa, inda ba a yi filasta ba, ya taɓa bulon da hannunsa. Ya dubi katangar maƙwabta ya ga layin da ruwan bara ya bari a jikinta, ya kwatanta tsayin daɓen gidan da na titi, ya bi lambatu ya ga inda take zubarwa, ko kuma a ƙofar gidan ta ƙare. A ciki yana tafe yana ƙwanƙwasa tayil da makulli. Inda ya ji sautin fanko, ƙasan ta zauna ko ba a cike ta da kyau ba. Ya san bambancin tsagar filasta, siririya kamar gashi, da tsagar da ta tashi daga kusurwar taga ta yi karkace, sama ta fi ƙasa faɗi, wadda ke nuna harsashi yana motsi. In ya ga an sake fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ya san kanwa ake ɓoyewa. Zai sa tsani ya shiga cikin silin da tocila ya ga ko gara ta fara cin katako, ko kwanon yana da hudar da rana ke leƙowa, ya kuma ga irin wayar wutar da aka ja, domin siririyar waya marar inganci ita ce gobarar da ake cewa ba a san musabbabinta ba. Zai auna tsakanin rijiya da sokawe, tunda ma'aikatan lafiya kan ce a bar tazarar kamar mita 30, mu kuwa a fuloti ɗaya muke haƙa su kafaɗa da kafaɗa, sannan mu yi ta mamakin taifod a jikin yara.

Akwai wani malamin makaranta a unguwarmu da ya yi ritaya, ya haɗa giratutinsa da kuɗin gonar gado ya sayi gida a watan Maris. Na shiga gidan a watan Agusta. An ɗora katifu a kan bulo, an jingine kujeru a tsakar gida, fentin ɗakin uwargida ya kumbura yana ɓarewa, ƙasan bangon ya yi baƙi, in ka dafa sai tafin hannunka ya jiƙe. Ƙofar ɗaki ɗaya ta daina rufuwa saboda ginin ya zauna ta gefe guda. Wani dattijo maƙwabcinsa ya ce masa, "Malam, ai nan kududdufi ne, muna yara a nan muke kamun kifi. Da ka tambaye mu." Da shara da ɓaraguzai aka cike wurin, aka yanka fuloti. Malam bai ce komai ba sai Innalillahi. Yau ba shi da kuɗin gyara, kuma ba zai iya sayarwa ba sai dai shi ma ya jira rani, ya sa fenti, ya cuci wani, abin da ya rantse ba zai yi ba.

Shi ya sa jan addini cikin wannan magana ya fi komai ƙona mini rai. Wane addinin? Duk yaron da ya zauna a zaure ya karanta Risala ya wuce ta babin ciniki, ya ji cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma malaman fiƙihu sun ba mai saye zaɓin mayar da abin da ya tarar da aibi a cikinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi. Dubawa ke nan kafin ciniki. Mai gidan da ya san gininsa lafiya lau yake, murna zai yi a kawo injiniya, domin shaida ce a gare shi. Wanda ya yi kitso da ƙwarƙwata shi ke fushi in an ce a kwance. Maganar cewa koyi ne da Turawa kuwa ba ta cancanci amsa ba. Siminti da rodin da suke cin abinci da su, a kasuwar Kurmi aka ƙirƙiro su?

Sai masu cewa ai gida yana da takarda, shi ke nan. Takardar mallaka da gwamna ke sa wa hannu ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 shaida ce cewa an ba ka izinin zama a kan fili. Ba ta san ko ginin da ke kai zai kai baɗi ba. Lauya zai je hukumar rajistar filaye, KANGIS ko KADGIS, ya bincika ko sunan mai sayarwa ne a fayil, ko an jinginar da gidan a banki. Safiyo zai nuna maka iyakar filinka. Mai ƙiyasi zai faɗi abin da gidan zai yi a kasuwa. Duka ukun ana bukatarsu, amma babu ɗayansu da aikinsa ne ya hau silin.

Kuma tunda an zo kan takarda, bari in faɗi abin da na daɗe ina faɗa. Hukumomin tsara birane su ne uwar wannan ɓarna. Su waye suka bari aka cike kududdufan Kano ɗaya bayan ɗaya, alhali su ne ke shanye ruwan birni tun zamanin da ake haƙar ƙasar gini a cikinsu? Su waye ke kallo ana awon igiya a kan hanyar ruwa, babu titi babu lambatu, sai an gama gini an tare sannan a zo da jan fenti? Mun ga abin da ya faru a watan Yunin 2023, lokacin da aka sa katafila a gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi. Gwamnati ɗaya ta yanka ta sayar ta ba da takarda, wata ta zo ta rushe, magoya bayan kowane ɓangare suna tafi, mai saye yana tsaye a kan ɓaraguzai da fayil a hammata. Shekara da shekaru ana wannan faɗa a kan wa ya ci fili wa ya hana, amma ban ji ɗayansu ya tsaya kai da fata cewa ba za a sayar da sabon gida ba sai an nuna shaidar an duba shi tun daga harsashi har rufi. A da, duba-gari ɗaya da kakinsa yana shigowa unguwa kowa ya shiga taitayinsa. Yau ga hukumomi, ga motoci, ga kasafin kuɗi, amma jami'i ba ya zuwa wurin gini sai don a sallame shi.

Kada wani ya ce ina kambama abu. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, ya kashe fiye da mutum 40, har da mai ginin, bayan kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta takardar janyewa tun 2020. Gidaje ne na masu hannu da shuni, waɗanda suka fi ƙarfin lauya da takarda. A watan Agustan 2022 bene ya faɗo a titin Beirut a Kano. A watan Yulin 2024 makaranta ta rufta wa ɗalibai a Jos, rai 22 suka salwanta. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Katangar da ke danne yara a cikin dare duk damina a unguwanninmu, a kai su makwanci da safe a ce ruwa ne ya yi gyara, babu mai ƙirga ta.

Za a ce talaka ba shi da kuɗin injiniya. Wanda ya iya biyan la'adar dillali, da kuɗin shaidu, da goron mai unguwa, da walimar tarewa, ba kuɗin duba gini ne zai gagare shi ba, kuma bai kai kuɗin sake daɓen ɗaki ɗaya ba. Za a ce injiniyoyin ma akwai na bogi. Akwai, shi ya sa za ka nemi mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, ko magini mai rajista da hukumar magina ta CORBON, ka ga lambarsa, kai ka kawo shi, kai ka biya shi, ba wanda dillali ya ce yaronsa ne ba. Ya rubuta maka abin da ya gani a takarda, da hotuna, da ƙiyasin kuɗin gyara, ya sa hannu. Da wannan takardar za ka koma teburin ciniki, ko a rage, ko a gyara, ko a ba ka kuɗinka. Kafin alƙalami ma kada ka bayar sai an rubuta a gaban shaidu cewa za a mayar maka in dubawa ta nuna aibi.

Ya kai mai shirin sayen gida, in da hali ka jira damina, ka je unguwar washegarin ruwa mai ƙarfi, ka gaida dattawan layin ka tambaye su abin da ke wurin kafin a yi gini. Duk mai gida ko dillalin da ya ce ba za a shigo masa da injiniya ba, ka yi masa sallama ka tafi da kuɗinka.