Makullin da ke Cikin Wayarka, Wa Ya Ƙera Shi?

Makon nan bari mu leƙa cikin waya.

Manomin Matazu ya sayar da masara an turo masa kuɗi ta waya, marubuciya ta sayar da littafinta ta WhatsApp. Dukansu sun dogara da abin da ba su taɓa gani ba. Kowace wayar Android tana tafiya ne a kan zuciyar manhaja mai suna Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991. Ita ke kai da kawo saƙo a intanet, ita ce kuma ke samar da lambobin da ake ƙera makullan sirri da su.

Lambobin nan kamar ƙuri'ar adashi suke. In wani ya iya hasashen wadda za ta fito, an gama cutar sauran. A 2006 wani mai kula da manhajar Debian ya cire layi biyu daga OpenSSL da niyyar gyara. Sai a 2008 Luciano Bello ya gano cewa makullan da ake samarwa sun koma kimanin 32,000 kacal, adadin da kwamfuta ke gwadawa ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan lokaci. Kusan shekara biyu ƙofa a buɗe.

Ra'ayina shi ne, tsaro yana wurin abin da ido zai iya karantawa tas. Jason Donenfeld ya rubuta WireGuard, hanyar ɓoye zirga-zirgar bayanai, cikin layi kusan 4,000, alhali takwarorinta sun ninka ta sau da yawa. Ta shiga Linux 5.6 a 2020. A 2022 ya koma kan sashen lambobin ƙuri'a, ya maye gurbin tsohon tsarin SHA-1 da BLAKE2s. Aiki ne na shara da rage kaya, kuma a bainar jama'a aka yi shi.

Wani zai ce ai Debian ma a buɗe take, amma aka shekara biyu ba a gani ba. Gaskiya ne. Buɗewa ba ta isa sai da masu dubawa, kuma buɗewar ce ta ba Bello damar ganowa.

Gyaran nan ba ya iso mu sai wayarmu ta karɓi sabuntawa, kuma da yawan wayoyin hannu da muke saya kamfani ya daina aiko musu. Wa zai faɗa wa mai POS na Malumfashi wannan da Hausa, in ba mu ba?

Sai na ji ra'ayoyinku.