Takarda Guda a Shari'ar Trovan

A 1996 sanƙarau ya afka wa Arewa, ya kashe dubban mutane. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya sauka Kano, ya yi gwaji da yara wajen 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Kusan rabinsu aka ba sabon maganinsa Trovan, sauran aka ba su wanda aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka shanye.

Da magana ta kai kotu, lauyoyin kamfanin ba su rasa abin faɗa ba. Sanƙarau da kansa yana kisa, yana kurmantarwa, to wa zai rantse cewa magani ne ya yi ɓarnar, ba ciwon ba? A shari'ar sakacin likita wannan ita ce garkuwar lauyan da ke kare wanda ake ƙara, kuma ba ta fasuwa da sauƙi. Abin da ya raunana su takarda ce. An nuna wata wasiƙar izini daga kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, sai ta bayyana cewa bayan gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya, kuma a lokacin ma babu kwamitin. Takardun amincewar iyaye kuwa babu su. Kamfanin ya ce da baki aka nemi yardarsu. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayoyin halitta.

Ina tuno wannan ne saboda yaranmu da ke karanta shari'a a Jami'ar Maiduguri. Wanda ke sha'awar kare likitoci ya sani tun yanzu: aikinsa na ɗakin ajiye fayil ne kafin ya zama na gaban alƙali. Wa ya sa hannu kafin tiyata? Ƙarfe nawa aka kira likita, ƙarfe nawa ya zo? Abin da ba a rubuta ba, iya baki ba ya dawo da shi.

A Amurka kamfanin inshora ne ke ɗauko wa likita lauya, shi ke biyan diyya, saboda haka shi ke tsare asibiti ya gyara rubuce-rubucensa. Mu nan da wuya a kai ga haka. Mace ta rasu wajen haihuwa, dangi su ce kwana ne ya ƙare, a yi sadakar uku, shi ke nan. Alhali fiƙihun Malikiyya da muke bi ya san lamunin likitan da ya yi ganganci, ya san diyya. Yarda da ƙaddara ba ta hana tambaya ba.

Kuma akwai asarar da ba ta shiga lissafin sasantawa. Da Kano ta dakatar da allurar shan inna a 2003, Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Cutar ta sake bazuwa har ƙetare. Mu a Borno, inda rikici ya ƙara toshe hanyoyin masu rigakafi, a wurinmu aka ga ragowarta a 2016, a Jere da Gwoza da Monguno. Sai a Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da nau'inta na asali.