Sanƙarau da Fardu Kifayar da Muka Yi wa Sakaci

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa kafin 1996 ba ya bukatar a kwatanta masa sanƙarau, domin a bazarar waccan shekara, da iska ta bushe zafi ya tsananta, mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya kaɗai, sama da 11,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Nau'in ƙwayar da ya yi wannan ta'asa shi ne wanda masana suka laƙaba wa harafin A, kuma da allurar MenAfriVac ta iso Nijar a 2010, Najeriya a 2011, sai ya ja da baya ƙwarai, har jama'a suka soma zaton an rabu da annobar.

Ba a jima ba sai ga nau'in C ya ɓarke a Nijar a 2015, sa'an nan a Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017, alhali allurar da aka yi wa miliyoyin yara ba ta da iko a kansa, saboda kowane nau'i da irin rigar da ke lulluɓe shi, ita kuma allurar riga ɗaya tak take koya wa jiki ya shaida, wannan kuwa da wata riga ya zo. Masu tahƙiƙi da suka karanta DNA ɗinsa, wanda haruffansa suka haura miliyan 2, sun gano cewa asalinsa ƙwaya ce mai zama a maƙogwaron lafiyayyu ba tare da ta cutar da su ba, har ranar da ta tsinci ƙwayoyin gadon da ke ƙera wannan riga daga wata 'yar'uwarta, ta zama makashiya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ko da yake cibiyar CERMES ta Yamai ta yi nata ƙoƙari, akasarin wannan karatu a Oslo da Atlanta aka yi shi.

Aikin kuwa na masu haƙuri ne. Ruwan da likita ya zuƙo daga gadon bayan yaro, wanda ya kamata ya fito garau amma ya fito gurɓatacce, sai a shafa shi a kan faranti mai abincin jini, a ajiye shi a ɗumin digiri 37 ya kwana. Ƙwayar kuma tana da rauni a wajen jiki, ta yadda in mota ta makara daga ƙauye, ko wuta ta ɗauke da tsakar dare, wahalar ta tashi a banza. Mai wannan sana'a yakan share shekaru a kan mas'ala guda, ba majinyacin da zai taɓa sanin sunansa balle ya sa masa albarka, shi ya sa iyaye ke tura haziƙan 'ya'yansu likitanci kawai.

Amma fuƙaha'u sun daɗe da bayyana cewa ilmin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi fardu kifaya ne, wanda in kowa ya bari, alhakin yana wuyan kowa. Gaskiya ne Najeriya ce ta fara amfani da allurar Men5CV mai yaƙar nau'i biyar a 2024, sai dai ƙwayar ba ta daina sauyawa ba. Saboda haka ina roƙon gwamnoni da attajiranmu su kafa waƙafi domin ɗakunan bincike na jami'o'inmu, iyaye kuma su saki ɗan da ya nuna sha'awar wannan fanni, su bi shi da addu'a.