Ɗiyar sarki mun san ta, to mene ne sunan kuyangarta?

Jama'a, duk wanda ya ratsa kasuwar Tawa ran Lahadi a ƙarshen Satumba, lokacin da iyaye ke haramar komawar yara lakkwal, ya ga jakunkunan nan masu ruwan hoda da aka rataye jere. A bayan kowace akwai fuskar wata ɗiyar sarki: Elsa mai farin gashi, Sofia mai kambi, Cendrillon da rigarta mai jan ƙasa. Yarinya ƴar shekara shida ba ta iya haɗa baƙi ba tukuna, amma ta san kalmar "princesse", kuma ta san ita ce abin zama. A tashoshin yara na Canal+ ta gan su, ko a wayar yayarta.

Idan maganar ta taso a fada wajen shayi, amsar da na fi ji ita ce: "Nasara sun ɓata muna ɗiya, mu koma ga namu." Rabin maganar na yarda da shi. Kamfanin Disney ya fitar da Blanche-Neige a 1937, Cendrillon a 1950, bai yi baƙar ɗiyar sarki ba sai a 2009 da Tiana, ita ma yawancin fim ɗin a siffar kwaɗo ta yi shi. A 2019 da aka ba baƙar fata Halle Bailey rawar ƴar ruwa, sai da wasu a Amurka suka tada jijiyar wuya kamar an ƙwace musu gado. Yarinyar da ta tashi tana ganin kyau kullum fari ne, gobe in ta sayi man bilicin kada mu yi mamaki.

Amma ɗaya rabin, wato "mu koma ga namu", ina so mu tsaya mu dube shi da kyau kafin mu tafa. Namun, me ke ciki?

Ku tuna gatanar ƴar bora da ƴar mowa da kakanninmu suka yi mana a tsakar gida. Ƴar bora tana shan wahala, tana haƙuri, ta haɗu da tsohuwa a bakin rafi ta cuɗa mata baya, ta sami arziki, ƙarshe ɗan sarki ya aure ta. Cendrillon ce wannan sak, takalmin gilashi kawai babu. Charles Perrault ya buga tasa a Faransa a 1697, mu kuma ba a wurinsa muka aro tamu ba. Abin da labaran biyu ke gaya wa yarinya ɗaya ne: ki yi shiru, ki yi ladabi, wani babba zai zo ya zaɓe ki. Ba ta fita daga wahala da sana'arta, ba ta fita da iliminta, ba ta kai ƙara gaban kowa. Aure ne ƙofa, kuma wani ke riƙe da mabuɗin.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Ta-Kitse. Yarinya ce da aka yi da kitse, kyakkyawa ta ƙin ƙarawa, amma ba ta shiga rana, ba ta zuwa kusa da wuta. Aka kai ta gidan sarauta, kishiyoyi suka matsa mata sai ta yi aiki bakin murhu, ta narke. Ku duba hwa: a ƙasar da mace ke tashi tun asuba ta yi daka, ta ja ruwa a rijiya mai gaba da yawa, ta tafi itace, mun zauna mun ƙera gwanar kyau wadda zafi kaɗan ke narkar da ita. Masu aikin kuma su ne miyagun labarin. Yarinyar da ke saurare, hannunta duk kanta saboda taɓarya, a wane gefe za ta ga kanta?

Akwai kuma wata a cikin waɗannan labarai da ba ma ko lura da ita. Ɗiyar sarki ba ta tafiya ita kaɗai. A bayanta akwai kuyanga ɗauke da kaya. Ba ta da suna, ba ta da uwa, ba a tambayar daga wane gari aka kamo ta. In ta yi magana a labarin, to makirci take ƙullawa, ko ta sace kayan uwargijiyarta ta sa don ta auri ɗan sarki, a tona ta, a hukunta ta, yara su yi shewa. Hatta labarin da ake kafa asalin Hausa a kansa haka yake. Daurama ta auri Bayajida bayan ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ta ba shi baiwa Bagwariya. Ɗan sarauniya, Bawo, shi ne tushen Hausa Bakwai. Ɗan baiwa, Karbagari, daga gare shi aka ce Banza Bakwai suka fito. Uba ɗaya, amma cikin da ya ɗauke ka shi ke yanke ko kai na kirki ne ko na banza.

A wani wuri ana iya cewa ai labari ne kawai. A Adar ba mu da wannan damar. Nan har yau in saurayi ya je neman aure ana binciken asali, kuma kowa ya san abin da ake nufi: ɗa ne ko bawa, maƙeri ne ko mahauci. Na sha jin an fasa aure tsakanin mutum biyu da suka yi jami'a tare saboda abin da aka ce kakan kakan ɗayansu ya kasance. Kuma a jaharmu ce, tsakanin Ƙonni, Illela, Madawa da Tawa, aka fi sanin al'adar wahaya: a sayi yarinya ƴar bayi a ajiye ta a matsayin mace ta biyar, ba sadaki, ba ɗaurin aure, ta yi wa gida bauta da rana, maigida ya neme ta da dare.

Kuyangar gatana ba ta da suna, amma wannan tana da shi: Hadijatou Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a yankin Ƙonni kan jika 240. Ta yi shekara tara a hannun wanda ya saye ta, ta haihu da shi. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a 2003, a 2005 ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Da ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata wata shida a kaso, wai ta yi aure kan aure. Ba ta zauna jiran ɗan sarki ba. Da taimakon ƙungiyar Timidria da lauyoyi ta kai ƙasar Nijar gaba ɗaya ƙara a kotun CEDEAO, kuma ran 27 ga Oktoba 2008, a Yamai, kotun ta ce gwamnati ta kasa kare ta daga bauta, ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ku gwada tambayar ɗalibai goma na koleji a Tawa wace ce Elsa, sannan ku tambaye su wace ce Hadijatou. Ni na san wace tambaya za ta fi samun amsa, ku ma kun sani.

Ɗan sarkin yau ba ya zuwa a kan doki. Yana saukowa daga mota ne bayan shekara uku a Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, da sabon babur da babbar waya da akwatin aure. Ko kuma Alhaji ne mai shago a Yamai da ke neman ta uku. Ba ina zagin ƴan cin rani ba, su ne ke ciyar da gidaje da yawa a Adar, kuma ƴan uwanmu ne. Abin da nake cewa, labarin da muka cusa wa yarinya ya tsaya ne daidai ranar kai amarya. Bai gaya mata cewa bayan wata biyu ango zai koma, ta zauna gidan surukai da ciki tana jiran saƙon kuɗi da kiran waya ba. Alƙaluman da UNICEF ke bayarwa sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Talauci ne babban dalili, da nisan makaranta, da tsoron abin kunya. Ban ce gatana ce ta jawo ba. Amma ita ce ke sa wa abin zuma, har yarinya ta bar aji tana murna.

Finafinan Kano da na Indiya masu fassarar Hausa da ake turawa a katin waya sun ɗora ne a kan wannan tubalin. Ɗan mai kuɗi ya ga ƴar talla, uwarsa ta ƙi, a yi kuka, a yi waƙa, a ƙarshe a shigar da ita gida mai bene. Sau nawa kuka ga a ƙarshen fim an gano ashe ƴar tallar nan ɗiyar wani babba ce da ta ɓace tun tana jaririya? Wato ko marubucin bai yarda ƴar talaka ta cancanci soyayya ba sai ya nemo mata jinin sarauta. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba: Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan wannan matsalar, kuma jarumarta da karatu ta tsaya da ƙafarta. Sai dai irinsa bai cika yawo a wayoyi ba.

Na san abin da wasu abokan gwagwarmaya za su ce: ai muna da Sarauniya. Gaskiya ne. Sarauniya Mangu ta Lugu ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu 1899, rundunar da makonni kaɗan bayan nan ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, a Burkina Faso aka ɗauke shi, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, kyautar da ita ma sunan wata ɗiyar sarki take ɗauke da shi, Yennenga ta Mossi. Ina alfahari da wannan. Amma ku dubi hotunan Sarauniya da ake yaɗawa yanzu a Facebook, waɗanda na'ura ke zanawa: budurwa siririya, kwalliya ta cika fuska, zinariya har wuya, kambi a ka. Elsa ce aka shafa wa baƙi aka miƙa mata mashi. Sarautar Lugu kuwa ta tsohuwar al'adar Azna ce, mace ce mai riƙon amanar ƙasa a ƙauye, ba mai fada da dogarai ba, kuma da yawa cikin masu sa hotonta a shafinsu, in an ce su je su zauna tabarma ɗaya da mutanen Lugu na yau, sai sun yatsina fuska. Haka aka yi wa Amina ta Zazzau a fim ɗin da Netflix ta saka a 2021, ado da soyayya suka cinye tarihi. Muna son jarumarmu, amma sai mun mai da ita ɗiyar sarki tukuna.

Alhali Adar ba ta rasa matan da za a ba da labarinsu ba. Lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da tallafin Italiya da FAO, ana tsakiyar fari, maza da yawa sun tafi cin rani. Mata ne suka fi yawa a filin aikin. Su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a kan fako, suka haƙa ramuka, suka dasa miliyoyin itatuwa ana biyansu da abinci. Wanda ya bi hanyar Keita yau ya ga inuwa a kan tsaunukan nan, aikinsu yake gani. Da yawansu suna nan da rai, kakanni ne yanzu. Littafin yara nawa aka yi da Hausa ko Tamajak a kansu? Ni ban taɓa riƙe ko ɗaya ba.

Kada kuma wani ya ce ba mu da hannun yin zanen da ke motsi. Moustapha Alassane, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka fara wannan fasaha a Afirka, a nan Tawa ya zauna shekaru masu yawa, a nan ya yi ɗakin aikinsa, kafin ya rasu a Wagadugu a 2015. A 1977 ya yi Samba le grand da ƴan tsana, kuma a ciki ɗiyar sarkin ba ta zauna jiran a zaɓe ta ba, ita ce ke gindaya wa jarumin sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya. A Toula na 1973 kuwa ya nuna ɗaya fuskar zama ƴar gidan sarauta: fari ya yi tsanani, aka ce sai an ba aljanin ruwa budurwa, aka miƙa ta. Masu nazarin fim a Faransa da Amurka suna kallon waɗannan ayyuka, yaran unguwar da ya zauna ba su san da su ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba, kuma babu ƙona jaka a ciki, a bar wa yara kayansu. Hukumar birnin Tawa da masu kula da al'adu na jaha su nemo finafinan Alassane a nuna wa ƴan makaranta a gidan matasa, ko sau ɗaya a wata. Gidajen rediyon karkara na Keita, Illela da Abalak su ɗauki muryoyin tsofaffin matan nan da suka yi aikin dutse tun suna iya ba da labarin da bakinsu. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani masu iya zane da waya da kwamfuta, ga labarin Hadijatou nan, yana da mugu, yana da kurkuku, yana da kotu, yana da nasara, ba abin da Cendrillon ta fi shi. A nemi izininta, a zauna da ita, a yi shi da harshen da ƴan ƙauyenta za su ji.

Mu kuma da ke yi wa ƙannenmu da ɗiyanmu gatana da dare, in mun zo wurin da ɗiyar sarki ta fito da kuyangarta a baya, mu dakata mu tambaye su: wannan mai ɗauke da kayan, mi ne sunanta, kuma ina uwarta take?