Lexus LX 600 ko Range Rover: Wacce Ta Fi Dacewa da Mai Kuɗin Kebbi?

Ranar bikin kamun kifi na Argungu, tun kafin masunta su faɗa kogin Matan Fada da homa da gora, 'yan kallo sun gama wata gasar a wajen ajiye motocin manyan baƙi. Sunaye biyu ne ba sa ɓacewa a musun: Lexus LX 600 da sabuwar Range Rover. Dukansu an fito da su a watan Oktoban 2021.

A takarda, 'yar Ingila ce a gaba. Range Rover P530 tana ɗauke da injin BMW mai silinda 8, lita 4.4, ƙarfin doki 530, kuma tana kai gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Tana ratsa ruwa mai zurfin santimita 90. A kwaltar Birnin Kebbi zuwa Argungu, jakunkunan iskar da take zaune a kansu suna shanye gargada, har mai gida ya yi gyangyaɗi a baya.

'Yar Japan, wato LX 600, ba ta da wannan zafin. Ta ajiye injin silinda 8 na tsohuwar LX 570, ta koma mai silinda 6, ƙarfin doki 409, da giya 10. Amma ƙashinta da injinta ɗaya ne da na Toyota Land Cruiser 300, wato jinin gidan da makanikan Arewa suka daɗe da sanin halinsa.

A nan lissafi ke juyewa. Attajirin da ke sayen shinkafa shanshera don masana'antu irin WACOT a Argungu ko Labana a Birnin Kebbi ba a kwalta yake wuni ba. Da damina fadamar Rima laka ce, da hunturu ƙura, da bazara kuma zafi ya haura digiri 40. Ƙura da zafi ba sa raga wa na'urorin lantarki da robobi. Idan jakar iska ta huje, Range Rover durƙushewa take yi, kuma gwanin da zai jona ta da kwamfuta ya gano ciwon galibi yana Abuja ko Legas. Ita ma LX 600 ba motar gyaran gindin bishiya ba ce, sai dai kayan dangin Toyota sun fi saurin samuwa, ko daga Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ranar sayarwa dillalai ba sa karya mata farashi sosai.

Wajen shan mai kuwa, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, babu mai rangwame a cikinsu.

Wanda rabin rayuwarsa ke Abuja, kuma yana da wata motar a gida, ya more Range Rover. Wanda zai dogara da mota ɗaya daga Kamba zuwa Yawuri, LX 600 ce tasa.