Sharhi: Takardar Shaidar Lafiyar Matuƙan Jiragen Sama da Tsoron Rasa Aiki

Mazauna Agege a Legas maƙwabtan Filin Jirgin Sama na Murtala Muhammed ne da ke Ikeja. Fatake da dillalan shanu na Zangon Agege na hawa jirgi zuwa Kano da Sakkwato, alhazai na tashi daga Ikeja zuwa Jidda, matasa kuma na samun abinci a wajen lodi da sauke kaya. Ko wanda bai taɓa hawa jirgi ba yana da ruwa da tsaki, domin a ranar 3 ga Yuni, 2012, jirgin kamfanin Dana ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga kusa da Agege, ya hallaka dukkan mutane 153 da ke cikinsa da wasu a ƙasa. Matsalar inji ce ta jawo wannan hatsari, amma ya nuna cewa duk abin da ya sami jirgi a sama, na ƙasa ma yana iya shafa.

Ɗaya daga cikin matakan kariya shi ne gwajin lafiyar ma'aikata. Bisa ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, takardar shaidar lafiya mataki uku ce. Ta farko ta matuƙan jiragen haya ce, ta biyu ta masu tuƙa jiragen kansu, ta uku ta jami'an da ke ba jirage umarni daga hasumiya. Ana duba zuciya, hawan jini, ciwon sukari, gani, ji da lafiyar ƙwaƙwalwa. Matuƙin jirgin haya na sabunta tasa duk wata 12, in ya haura shekara 60 kuma duk wata 6. A Nijeriya, hukumar NCAA ce ke amincewa da likitocin da ke wannan gwaji.

Dokar ta yi kyau, sai dai raunin yana wani wurin. Likita na ganin matuƙi sau ɗaya ko biyu a shekara, sauran kwanakin kuwa sai abin da mutum ya faɗa da bakinsa. Wanda iyalinsa suka kashe dukiya mai yawa kafin ya kammala Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ya san cewa ranar da aka janye takardarsa, albashi ya tsaya. Irin wannan mutum zai iya ɓoye jiri, baƙin ciki ko maganin da yake sha.

Duniya ta ga ƙarshen wannan a ranar 24 ga Maris, 2015, lokacin da mataimakin matuƙin jirgin Germanwings ya kifar da shi da gangan a tsaunukan Faransa, mutane 150 suka mutu. Ya ɓoye wa kamfaninsa takardun likita da suka hana shi aiki, kuma masu bincike na Faransa sun lissafa tsoron rasa lasisi da asarar kuɗin shiga cikin dalilan da wataƙila suka sa shi yin shiru.

Saboda haka tsananta gwaji kaɗai ba zai wadatar ba. Ya kamata NCAA ta wajabta wa kamfanoni inshorar rasa lasisi mai ma'ana, a kuma tanadi aikin ƙasa ko na koyarwa ga wanda lafiyarsa ta gaza na ɗan lokaci. Bugu da ƙari, direbobin motocin mai da masu lodin kaya, waɗanda ƙarar inji ke cinye musu ji, su ma a riƙa gwada su ba tare da barazanar kora ba.

Kamfanoni za su koka da kuɗi ganin tsadar mai da canji. To amma rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin inshorar matuƙi ba ya kama ƙafar kuɗin jirgi guda, balle rayukan da ke cikinsa da na mazauna unguwannin da yake ratsawa.