Hayar gida a Najeriya: Ko sanarwar tashi da baki ta wadatar?

A yawancin biranen Najeriya, ɗan haya kan shaida wa mai gida da baki cewa zai tashi idan kuɗinsa ya ƙare, wani lokaci ma ta bakin dillali. Rigima kan kunno kai ne idan ranar ta zo bai kwashe kayansa ba, alhali mai gidan ya riga ya karɓi kuɗin shekara daga hannun wani.

A nan mai gida ne ke cikin tsaka mai wuya. Dokar karɓar gidajen haya da ke aiki a Abuja ta ce idan babu wata yarjejeniya ta daban, mai biyan haya shekara-shekara sai an ba shi notis na wata 6, mai biya wata-wata kuma na wata 1. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ma ta zo da irin wannan wa'adi.

To idan ɗan hayan ya musanta cewa ya taɓa faɗin zai tashi, kuma babu shaida, mai gida zai iya samun kansa yana fara lissafin daga farko. Bayan wa'adin ya cika akwai wani notis na kwana 7, kana a nufi kotu. Cire rufin ɗaki ko watsar da kayan mutum waje, kamar yadda wasu ke yi, saɓa wa doka ne.

Wannan ne dalilin da ya sa ya kamata mai gida ya rubuta takarda tun a ranar da aka yi maganar, mai ɗauke da ranar sanarwar, da ranar miƙa makulli, da abin da ya rage na kuɗin haya ko na lantarki.

Sai dai takardar da mai gida ya rubuta shi kaɗai ba ta da ƙarfi sosai, domin maganarsa ce kawai. Sa hannun ɗan hayan ne ke ba ta nauyi, abin da da dama ke jin nauyin nema daga mutumin da suka yi shekaru ana zaman mutunci da shi.

Ga masu jin wannan kunya akwai wata kafa: sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya amince kotu ta karɓi bayanan da suka fito daga na'ura, bisa wasu sharuɗɗa. Saboda haka amsar da ɗan haya ya bayar ta WhatsApp na iya zama hujja, muddin ta ambaci ranar tashin ƙarara.